Tsaga a Kunnen Dama

Garin Maiturare, ta Zango
3 ga Maris

Zuwa ga taubashiyata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauka tun lokacinsa bai yi ba. Matata Hasana na gaishe ki.

Na san za ki jujjuya takardar nan ki ce wane baƙauye ne har yau yake aika wasiƙa ta hannun direba. Ni ne, Sha'aban, jikan Malam Sama'ila yayan kakarki, wanda ya shanye miki fura a bikin Sadiya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kika yi kwana biyu ba kya kallon inda nake. Bayan nan na yi sanƙarau. Allah ya bar ni da rai, amma kunnuwan sun tafi, ko ganga aka buga a kaina ba na ji. Waya ba ta da amfani a wurina, sai takarda da biro. Sabiru direba, wanda zai ba ki wannan, yana zuwa Kaduna sau biyu a mako.

Abin da ya sa na neme ki ba mai daɗi ba ne. Ranar Alhamis da azahar, rana tsaka, ɓarayi suka afka wa Munzali a bakin tafki. Shi ne mai yi wa Alhaji Mati kiwo. Suka kashe shi, suka kore shanu tara. Ya bar mata da goyo. Tun ranar garin nan ba wanda ke dariya.

Takwas daga cikin shanun sai dai Allah, sun shige cikin dubu. Amma akwai wani farin bajimi mai baƙin hanci, wanda aka sayo a kasuwar Mai'aduwa sati uku kafin abin, daga hannun wani mutumin tsallaken iyaka. Ku mutanen birni duk farin sa ɗaya ne a wurinku, to ki sani kowane gida na makiyaya yana da tsagar da yake yi wa dabbarsa a kunne tun tana maraƙi. Da ita ake gane ta wane ce. Matsalar ita ce ba wanda ya riƙe tsagar wannan bajimi. Alhaji Mati a Daura yake zaune, sau ɗaya ya gan shi. Wanda ya san shi kuwa yana kabari.

Sai dai Munzali ya ɗauki hotunansa da waya. An sami wayar a aljihunsa a farfashe, amma ɗan katin da ke ciki, wanda yara ke ce wa memori, bai yi komai ba. Ga shi nan na naɗe a takardar sigari. An ce min kina aikin kwamfuta a wata makaranta. Ni ne magatakardan ƙungiyar masu shanu ta nan, kuma na tsaya a gaban taro na ce ina da 'yar'uwa da za ta sa bajimin nan a intanet kowa ya gani. Ki ƙara girman kunnen sosai. Kada ki kunyata ni, mai rowar fura.

Naki,
Sha'aban

Kaduna
9 ga Maris

Ɓarawon fura,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara na makaranta. Labarin kunnenka ya taɓa ni, ban taɓa ji ba, kuma laifin nawa ne da na yanke zumunci. Allah ya jiƙan Munzali, ya raya abin da ya bari.

Wanda ya ce maka ni gwanar kwamfuta ce ya zuga ka. Taifis ce ni, jarrabawar yara da takardun iyaye nake bugawa. Amma tunda ka riga ka cika baki a gaban jama'a, na zauna na yi. A cikin manhajar da nake buga takardu na shirya shi, don ita kaɗai na iya. Na sa hoton bajimin a tsaye, na yanko kunnen dama daga wani hoton na ja shi ya cika rabin shafi, na rubuta ranar da aka yi satar da lambar wayar shugabanku a ƙasa. Akwai wurin da ake danna wa a ce a ajiye takarda a matsayin shafin intanet, shi na danna. Malamin kwamfuta na makarantarmu ya ɗora min shi. Adireshin na nan na rubuta da jan biro, ka ba samarinku su buɗe.

Kwana biyu ina kallon san nan har sai da na fara mafarkinsa. A ɗaya daga cikin hotunan hannun marigayin ya fito, yana riƙe da ƙaho. Wannan ban sa ba.

Ka gaida Hasana. Furata na nan a wuyanka.

Taka,
Ikilima

A bayan takardar:

Wuri ya ƙare, ga ƙarin magana, kuma ita ce mai muhimmanci. Da na buɗe shafin a wayata, hoton kunnen bai fito kamar yadda yake a kwamfuta ba. Manhajar tana matse hotuna idan za ta mai da takarda shafi, don ya yi saurin buɗewa. Ni kuma da ma ɗan guntu na yanko na ja shi. Sai ya zama dishi-dishi, bakin kunnen ya koma ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma. Na sake gwadawa sau uku, duk haka yake fitowa. Ni ban san kan tsaga ba, ban san abin da ake nema a gani ba. Don Allah kada a kama kowa da wannan hoton. In an ga sa mai kama da shi, a buɗe na asali a kwamfuta a gwada tukuna. Ga katinku nan na liƙa da salatif a ƙarƙashin wannan rubutu.

Garin Maiturare
16 ga Maris

Ikilima,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke, da fatan ku ma haka.

Kin fitar da ni kunya, na yafe miki rowar. Shafin nan ya zaga ƙasar Daura kaf. Wani mai babur ya rubuta min cewa ya gan shi a wayar mai shayi a Dutsi, Sabiru kuma ya ce har a Kongolam masu lodi suna nuna wa juna. Yawancinsu ba ma shafin suke buɗewa ba, hoton fuskar waya suke ɗauka su tura wa na gaba, shi ma ya tura.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka miƙo min waya, aka rubuta a ƙasa da tsinke: "Magatakarda, wace tsaga ce?" Na duba na ce tsaga ɗaya ce mai faɗi a kunnen dama. Kowa ya gyaɗa kai. Yanzu ko yaro kika tare ya san abin da ake nema. Alhaji Mati da kansa ya aiko min da goro.

'Yan sintirin gari sun tashi tsaye. Kullum suna bakin hanya da bakin tafki, waya a hannu, duk farin san da ya gifta sai sun kama ƙahonsa sun murɗa kunne. Wasunsu abokan Munzali ne, tare suka tashi. Ba na jin abin da suke faɗa, amma ina ganin fuskokinsu, kuma gaskiya wani lokacin nakan kau da kai.

Ga abin dariya. Akwai Hamma, wani Bafulatani da ke ruga arewa da mu, mutumin kirki, matarsa ce ke kawo wa Hasana nono. Shi kaɗai ne a yankin nan ya koyi yi min magana da hannu ba tare da ya gaji ba. Tsagar gidansu tun kakanni ita ce ɗaya mai faɗi a dama. Na tsokane shi na ce ya ɓoye shanunsa kada a ce shi ne. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi. Fulani ba su san wasa da saniya ba. Ai gidajen da ke irin wannan tsaga suna da yawa.

Katin kuwa na ba Hasana ta kai wa Zubaida, matar marigayin. Tana takaba, ta roƙa a ba ta saboda akwai hotunansa a ciki.

Naki,
Sha'aban

Kaduna
19 ga Maris

Sha'aban,

Muna lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Wasiƙarka ta hana ni cin abinci. Ba ka karanta abin da na rubuta a bayan takarda ba ne? Na ce kada a dogara da hoton kunnen. Yanzu ka ce ka tsaya a ƙofar masallaci ka yanke cewa tsaga ɗaya ce.

Tun jiya nake ƙoƙarin tuno hoton asali. Ban isa in rantse ba, amma idona yana ba ni kamar yanka biyu na gani, sirara, dab da juna, da ɗan nama a tsakaninsu. Idan haka ne, ɗan naman nan ne matsewar ta cinye, biyun suka haɗe suka zama ɗaya. Kuma duk wanda ya ɗauki hoton fuskar waya ya tura, ƙara lalata shi yake yi. Abin da ke wayar mai shayin Dutsi ya fi wanda na ɗora muni.

Na buɗe takardar da na shirya don in duba, na tarar ita ma matsattsen ta riƙe, ta zubar da mai kyan. Ban kwafi na katin ba, don na ga kayan mamaci ne. Ka karɓo katin, ka kai shagon kwamfuta a Zango ko Daura, a buɗe maka shi babba. Kafin nan ka ce wa 'yan sintirinku su dakata.

Na sami lambar Hasana wurin Sabiru, na kira sau tara, a kashe take. Wannan Hamman da ka ambata, ka gaya masa ya nisanci kasuwa.

Ikilima

Garin Maiturare
26 ga Maris

Ikilima,

Jikinmu lafiya, amma garin ba lafiya.

Motar Sabiru ta lalace a Zariya, wasiƙarki ta yi kwana shida a aljihun ƙofa, yau da safe ta iso. Taransifomarmu ta ƙone tun makon jiya, shi ya sa ba ki sami Hasana ba.

An kama Hamma shekaranjiya. Yana dawowa daga kasuwa da farin bajiminsa, wanda ya kai bai sami ciniki ba. 'Yan sintiri suka tare shi a mararraba, suka ɗora waya kusa da kunnen san. Fari ne, baƙin hanci, tsaga ɗaya mai faɗi a dama. Hamma ya rantse a gidansu aka haifi bajimin, ya ce a je a ga uwarsa a ruga. Ba wanda ya je. Kafin mai gari ya iso sun fasa masa baki.

Yanzu yana kulle a ɗakin ajiyar hatsi na gidan mai gari, an ɗaure bajimin a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Mai gari yana so ya miƙa shi ga hukuma, samari sun ce ba motar da za ta fita da shi, wai in ya tafi sakin sa za a yi. Sun kafa benci a ƙofar, suna canjin zama. Alhaji Mati ya zo daga Daura, ya zagaya san sau biyu, ya ce yana kama da shi. Mai gari ya roƙa a ba shi lokaci zuwa Juma'a. Kullum mutanen da ke ƙofar ƙaruwa suke yi, har da baƙin fuskoki daga wasu garuruwa. Jiya na ga wani ya ajiye jarka a bayan bencin, ban tambayi abin da ke ciki ba.

Na leƙa ta tagar ɗakin. Hamma ya ɗago ya gan ni. Ya nuna kunnensa, ya nuna ni, ya buɗe tafin hannunsa. A maganarmu wannan yana nufin "me ya sa?"

Maganar bayan takarda, ni ban juya ta ba, ban san da rubutu a can ba. Katin kuma da wuya. Zubaida na takaba, ba na son a je ana tayar mata da ciwo, kuma ban tabbata yana hannunta ba har yanzu. Ki sake dubawa a kwamfutarku, ba za a rasa mai kyan ba. Ki bugo shi a takarda ki aiko kafin Juma'a.

Sha'aban

Kaduna
27 ga Maris

Sha'aban,

Wani direban na ba wannan, na biya shi ya kawo maka har ƙofar gida.

Na gaya maka babu shi a nan. Ni da malamin kwamfuta mun kwashe awa uku muna tonon injin, babu. Shafin kuma mun sauke shi tun ranar da na rubuto maka, mun sa sanarwa cewa hoton bai inganta ba. Mutum goma sha huɗu ne kawai suka buɗe sanarwar.

Ina da nawa laifin, kuma ina jin sa har cikin ƙashina. Na ga hoton ya lalace, na ɗora shi a haka saboda ina son in burge dangin da na daɗe ban gani ba. Gargaɗin da ya kamata in rubuta da manyan baƙaƙe a kan shafin, sai na kai shi bayan wasiƙa.

Amma ɗan'uwana, ka ce ba ka juya takardar ba. To a ina ka ciro katin da ka aika wa Zubaida? Da hannuna na liƙa shi a ƙarƙashin rubutun. Ba yadda za a yi ka ɓare salatif ɗin ba tare da idonka ya sauka a kansa ba.

Ba amsa nake nema ba yanzu. Gobe Alhamis. Takaba ba ta hana Hasana shiga wurin Zubaida, kuma matar da aka kashe wa miji ba za ta so a kashe wa wata nata a banza ba. Ka tashi.

Ikilima

Garin Maiturare
2 ga Afrilu

Ikilima,

Assalamu alaikum. Kina tambayar lafiya a ranki, na sani. Ina tsaye da ƙafafuna, iyakar abin da zan ce ke nan.

Ranar Alhamis da sassafe Hasana ta shiga wurin Zubaida. Katin na cikin kwallarta, a ƙulle a bakin ɗankwali. Ko tambaya ba ta yi ba, ta miƙo. Na hau babur zuwa Daura. Mai shagon kwamfuta ya buɗe hoton ya cika fuskar kwamfutar da kunnen, har gashin da ke bakinsa ana ƙirgawa. Tsaga biyu ce, Ikilima. Sirara, dab da juna, da nama kamar faɗin ɗan yatsa a tsakani. Yadda idonki ya ba ki. Na sa ya buga min a babbar takarda, na riƙe ta a ƙirji har gida.

Na iso bayan azahar. Ƙofar mai gari ta cika har kan katanga. Mai gari ya karɓi takardar, ya hau kan benci ya ɗaga ta, ya sa aka jawo bajimin Hamma aka kara kunnensa da hoton. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai wani yaro daga cikin abokan Munzali ya ɗaga wayarsa sama. Na kusa da shi ya ɗaga tasa. Kafin in ƙifta ido wayoyi sun fi ɗari a sama, kowace da wannan dishi-dishin kunne mai tsaga ɗaya. Ina ganin bakuna na motsi, jijiyoyin wuya sun tashi. Daga baya Hasana ta rubuta min abin da suke cewa: "Namu tun farko muke da shi. Wannan yau aka ƙago shi. An sayi magatakarda." Wani kuma ya ce, "Ba kai ka ce mana ɗaya ce ba?"

Dattawa sun yarda da takardar. Alhaji Mati ma ya sunkuyar da kai ya shige motarsa. Mai gari ya riga ya aika a kira jami'ai a ɓoye, suka zo ta bayan gida. Ana fito da Hamma za a sa shi a mota, dutse ya same shi a ƙeya. Ba wanda ya ga hannun da ya jefa, ko kuma kowa ya gani. Yana asibiti a Daura, yau kwana biyar bai buɗe ido ba. Kullum ina zuwa in zauna a baranda. Matarsa ba ta kore ni ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Kin ce ba amsa kike nema ba, amma zan ba ki. Na karanta bayan takardar. Sau biyu na karanta, tun a tasha, kafin in ɓare katin. Tun da kunnena ya mutu ba wanda ke tambayata komai a garin nan. Magatakardan ma don ina da kyan rubutu aka bar min, a taro sai dai in zauna in jira a miƙo min abin da aka yanke. Da shafin ya fito, manyan mutane suka durƙusa suna rubuta min tambaya a ƙasa. Na kasa buɗe baki in ce ban sani ba. Da aka kama Hamma kuma, ba takabar Zubaida ce ta hana ni karɓo katin ba. Tsoron abin da zan gani a ciki ne. Kwana huɗu ya yi a ɗakin hatsi saboda wannan tsoron nawa.

Na buga takardar mai kyau guda hamsin, na liƙa a masallatai da tasha da bakin kasuwa. Da safe nakan tarar an yage wasu. Sabiru ya ce jiya a Kongolam wani ya nuna masa tsohon hoton, yana ba shi labari cewa an kama ɓarawo ɗaya, saura 'yan'uwansa. Ki tambayi malamin kwamfutarku ko akwai yadda ake janye hoto daga wayoyin mutane. Na san amsar, amma ki tambaya.

Ƙannen Hamma biyu suna ruga da shanu arba'in da ɗaya. Kowace tana da tsaga ɗaya mai faɗi a kunnen dama. Kwana biyar ke nan ba su fito da su ba, da jarka suke ɗebo musu ruwa daga wata 'yar rijiya, ita ma jiya ta ƙafe. Gobe dole su kai su tafki, kuma hanyar ta mararraba take bi.

Na gaya wa Hasana da asuba zan je in shiga gabansu da takardar a hannuna. Ta ce in an yi ihu daga baya ba zan ji ba. Na ce mata na sani.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanki,
Sha'aban